Hular Ulu Ba Tuta Ba Ce

Japan, watan Satumba

Zuwa ga kakata, Mamaw ɗina, tsohuwa mai ran ƙarfe,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya gwiwar taki? Yaya kaji, da tsohon karen nan naki da ya ƙi mutuwa? Yaya mutanen coci? Ki gaida Kawu Dell, ki ce masa ya daina ɓuya bayan rumfar mota yana shan taba, kowa ya sani.

To ga shi dai na rubuto da biro da takarda kamar 'yan zamanin da. Ke kaɗai ce a duniyar nan kike sa ni wannan wahala. Na saya miki waya kin jefa ta durowar cokula! Idan kin ga kuskuren rubutu ki yi haƙuri, kin san ni da makaranta ba mu rabu da daɗi ba.

Maigidan nawa Dalton yana teku, jirginsu ba zai dawo ba sai bayan Kirsimeti. Ni kuma lafiyata lau, don Allah ki daina tambayata maganar watan Yuni. Ina cin abinci, ina fita.

Albishirinki! Na shiga reshen Ƙungiya na nan kamar yadda kika dame ni. Ashe har Japan akwai Jikokin Mayaƙan Farko, mu da kakanninmu suka yi yaƙin kafa ƙasarmu. Ba mu da yawa, duk matan sojan ruwa ne da malaman makaranta. A falon Misis Hargrove ake taro, ita ce shugaba, kuma mijinta ne kyaftin ɗin jirginsu Dalton, kin ga kuwa sai da na goge takalmi. Komai irin naku ne na gida: a yi addu'a, a ɗora hannu a ƙirji a gaida tuta, a sha shayi da farar safar hannu. Na maƙala bajon zinariyar da kika ba ni, mai sunan kakanmu Ezekiel Tolliver. Da aka zo gabatarwa na miƙe na faɗa yadda kika koya mini: ni Lacey, jikar Opal 'yar gidan Tolliver, ta tara a layi.

Sai Misis Hargrove ta ce, "Kakan naku wane muƙami ya riƙe, 'yar nan? Nawa kanar ne." Na ce alfadarai yake kora, masu ɗauko albarushi. Ta yi wani murmushi ta ce, "Ayya, kowa da irin gudummawarsa." Ni kuwa bakin nan nawa: "Ranki ya daɗe, in alfadarin bai iso ba, da me kanar ɗin zai harba?" Mutum ɗaya ce ta yi dariya, wata Marisol, kuma tun ranar muka ƙulla.

Aikin da ke gabanmu shi ne wata tsohuwar maƙabarta a kan tudu, can saman tashar jirage, inda aka binne sojojin ruwanmu tun zamanin da. Babbar shugabar Ƙungiya ta ƙasa za ta zo daga gida ranar tsofaffin sojoji a watan Nuwamba, don haka duk Asabar muna can da buroshi da bilic muna kankare gansakuka. Ni aka tura gangare, inda babu sojoji. Wasu 'yan ƙananan fararen duwatsu ne a jere, masu zagayayyen kai, ba su wuce gwiwata ba. Kuma Mamaw, kowanne sanye yake da jar hular ulu! Na ɗauki hoto kamar hamsin.

Hannuna ya gaji. Ki sha maganinki.

Taki har abada,
Lacey


Japan, watan Oktoba

Mamaw ɗina,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan sanyin da ya fara bai taɓa miki ƙirji ba. Na samu wasiƙarki, na ji daɗi da kika ce kin karanta wa matan reshenku maganar alfadari har Misis Pruitt ta ƙware da shayi.

Na gano mai hulunan. Wata 'yar tsohuwa ce, ta girme ki ma, bayanta ya lanƙwashe, tana hawa tudun da bokiti da luddai tana zuba wa duwatsun ruwa. Sunanta Iwanaga, amma ta ce in kira ta Obaachan, wato kaka. Kada ki yi kishi, ba ta iya burodin masara ba. Wayata ce ke mana tafinta, kuma wayar nan mahaukaciya ce. Rannan na ce mata hularta ta yi kyau, ko me ta faɗa mata oho, tsohuwa ta kama ciki tana dariya har da hawaye. Tana kawo gasasshen dankali a jarida mu raba.

Jarirai ne aka binne a wurin, Mamaw. Bayan yaƙin duniya aka haife su, uba sojan ruwanmu, uwa 'yar garin nan. Yawancinsu suna ɗaya kawai aka rubuta musu a dutsen, wasu ma babu. Ɗaya daga ciki ɗan yayarta ne, Jimmy. Ita ke goya shi tana 'yar ƙarama, uban ya bi jirgi, yaron bai ga ƙarshen sanyin shekarar ba. Ta ce da farko shi kaɗai take saƙa wa hula, sai ta ga na kusa da shi kansa a buɗe, ta ji kunya. Haka ta bi layi har ta gama da su. Duk shekara kafin sanyi sai ta canza musu sababbi.

To sai ta tambaye ni ko ina da yara. Na buɗe baki in ce a'a kamar yadda nake ce wa kowa, sai na ji na kasa. Na rubuta mata gaskiya a waya. Ta karanta, ta yi wata magana, wayar ta fassara wai "'yar ruwa". Na ce me? Ta sake bayani a hankali. Ashe haka suke kiran jaririn da ya zo bai zauna ba. Suna da kalmarsa, Mamaw. Mu a gida ba mu da ita. Mu sai dai a ce "abin da ya faru", a kawo kwanon abinci, a canza magana.

To ni na gaji da "abin da ya faru". Mace ce. Wata shida ta yi a cikina, na riƙe ta a tafin hannuna, tana da farce. An ƙona gawar, tokarta tana cikin wata 'yar farar tukunyar tangaran mai murfi da aka ba mu, kamar yadda ake yi a nan, na ɓoye ta a saman kabad bayan akwatin Dalton don ba na iya kallonta. Da na ce miki lafiyata lau, ba lau ba ne. Na yi kuka a kan tudun nan har majina, Obaachan tana gefena tana ɓare mini dankali.

Ba sai kin amsa wannan ɓangaren ba, na san halinki.

Jikarki mai ƙaunarki,
Lacey


Japan, farkon Nuwamba

Mamaw,

Gaisuwa a gurguje, fatan kina lafiya da kowa da kowa. Raina a ɓace yake, in kin ga biro ya huda takarda ki san dalili.

Kin tuna hotunan da na ce na ɗauka? Ni da kaina na ɗora su a zauren Ƙungiya na waya, ina murna in nuna yadda na wanke duwatsun suka yi fari tas. Ranar taro sai ga Misis Hargrove ta buga ɗaya babba, ta ɗaga shi sama ta ce, "'Yan uwa, me kuka gani?" Muka ce duwatsu. Ta ce, "Ku sake dubawa. Fari, da jan zagaye a kai. Tutar wa ce wannan?"

Wai tutar Japan! Wai tsohuwar nan ta yi shekaru tana kafa tutar ƙasarta a maƙabartar sojojinmu muna wucewa kamar makafi. Na yi dariya don na zaci wasa take. Na ga ba wanda ya taya ni. Na ce, "Haba ranki ya daɗe, hula ce fa, ta ulu. Ja kalar da suke sa wa yara ce don kariya, ku je ku tambaye ta mana, ga waya ta yi tafinta." Ta ce, "'Yar nan, ke yarinya ce, ba ki san mutanen nan ba, ba sa faɗin abu kai tsaye." Wata kuma ta ce ita dai abin ya yi mata kama da bautar gumaka. Na ce to ke da kike sa wa karenki riga, shi kike bauta wa? Nan aka buga tebur aka ce in zauna.

Na ce yaran nan iyayensu maza namu ne, watakila ma wani jikan kanar ne a ciki. Misis Hargrove ta ce babu hujja, kuma dokar Ƙungiya tuta da fure kawai ta sani a kan kabari. Aka ɗaga hannu. Ni da Marisol kaɗai muka ce a bar su.

Ba su ko jira Asabar ba. Da na hau tudun washegari na tarar da kawunan duk a buɗe, an kwashe hulunan a baƙar leda an bai wa motar shara, kuma a nan ƙona shara ake. Sababbi ne fa, ba ta daɗe da sa su ba, rabin shekara ta yi tana saƙa su da yatsun nan nata da suka karkace. Tana tsaye a wurin da bokitinta. Kin san abin da ya ƙona mini rai? Da ta gan ni sai ta sunkuya tana ba NI haƙuri, wai ta jawo wa baƙi damuwa. Ita ke ba da haƙuri!

Na sauka gari na sayi jan ulu da kwarashi. Ban taɓa saƙa ba, ke shaida ce, sau nawa kika zaunar da ni na gudu. Yanzu bidiyo ne malamina, ina tsayarwa ina mayarwa baya. Na yi cigiya a zauren matan sojan ruwa, aka yi ta turo mini hoton zuciya da fuskar kuka, amma da ranar zuwa ta yi Marisol ce kawai ta ƙwanƙwasa ƙofa. Ba komai. Obaachan tana fara mana gindin, mu muna ƙarasawa. Tawa ta farko ta fito kamar safar ƙafar agwagwa.

Misis Hargrove ta aiko mini da saƙo cewa duk wadda ta saɓa wa abin da aka yanke za a dakatar da ita, a kai sunanta gida. Ta ƙara da cewa in tuna mijina a ƙarƙashin wa yake. Na san za ta kira reshenku, shi ya sa na riga ta. Ki ji daga bakina: zan mayar da hulunan nan.

Taki,
Lacey


Japan, tsakiyar Nuwamba

Zuwa ga Mamaw,

Ina gaishe ki da girmamawa duk da kina fushi da ni. Yaya jiki? Kawu Dell ya ce kin ƙi cin abinci ranar da aka kira ki. Ki ci, fushi ba ya hana cin wake.

Wasiƙarki ta iso, na karanta. Kin ce shekara hamsin kina Ƙungiya ba a taɓa kiran sunan Tolliver a taro don abin kunya ba. Kin ce doka doka ce ko ba ta yi wa mutum daɗi ba, kuma in sa bajonki a ambulan in maido miki. To bari in ba ki labarin abin da ya faru tukuna, tunda na ga rabi aka ba ki.

Ranar tsofaffin sojoji da sassafe muka hau tudun, ni da Marisol da Obaachan, muka sa wa kowa hularsa. Sannan na koma gida na yi shiga kamar yadda doka ta ce, riga har ƙasan gwiwa, farar safar hannu, bajo a ƙirji. Da aka taru, ga babbar shugaba da rakiyarta, ga masu busa ƙaho, sai Misis Hargrove ta hango gangare ya yi ja. Mamaw, fuskarta ta fi hulunan ja. Ta tura mata biyu su je su cire kafin a fara.

Na riga su sauka. Na tsaya a tsakiyar yaran, na ɗaga waya na kunna bidiyo kai tsaye. Na ce, "Sannunku da zuwa. Duk mai cirewa ta cire, ba zan riƙe hannun kowa ba. Amma ta fara faɗin sunanta, ga mutane suna kallo, ta ce ni wance ce na tuɓe wa jariri hula cikin sanyi." Na juya wayar ta fuskance su. Ɗaya ta ce, "Lacey, ki ji tsoron Allah ki kashe wayar nan." Na ce, "Shi nake ji, shi ya sa ban kashe ba." Suka tsaya suna kallon juna. Ba wadda ta miƙa hannu.

Da aka busa taken ƙasa, daga nan gangaren na ɗora hannu a ƙirji na rera, kuma na fi kowa ɗaga murya, kin san muryata ba daɗi. Obaachan tana gefena ta sunkuyar da kai har aka gama. Wai wannan ce mai kafa tuta.

Bayan an tashi babbar shugaba ta gangaro da sandarta. Ta dubi duwatsun, ta dube ni, ta ce, "Mene ne waɗannan?" Na ce, "Huluna ne, ranki ya daɗe. Sanyi ake." Ta ce, "Uhm." Ta juya ta tafi. Ban san me uhm ɗin ke nufi ba, kuma ba zan yi miki ƙarya in ce ta goyi bayana ba. Hotunansu dai duk ta wancan gefen suka juya suka ɗauka. Da yamma takardar dakatarwa ta iso, wai a watan Janairu za a zauna a kan ko a kore ni gaba ɗaya. An cire ni daga zauren waya. A kanti wasu suna juya keken sayayya in sun hango ni.

Dalton kam na ji tsoron abin da zai ce, don aikinsa ne a ciki. Saƙonsa ya zo daga jirgi, gajere kamar kullum: "Kin kashe ni, Lace. Kowa a nan ya ga bidiyon. Ki ajiye ɗaya domin tamu."

Maganar bajo kuma, ki yi haƙuri, ba zan maido ba. Ranar da kika maƙala mini shi a kicin kin ce na gado ne, ba aro ba. Ke kika ba ni labarin Ezekiel, yadda aka ce ya juya da alfadaransa saboda kogi ya cika, ya ce shi dai an aike shi. Ba Misis Hargrove ce ta haife ni cikin layin nan ba, ba ita za ta cire ni ba. Ko ke ma, Mamaw, da duk son da nake miki.

Na sa miki hoton hulunan a ciki. In kin so ki yaga.

Jikarki mai taurin kai, kin san inda ta gado shi,
Lacey


Japan, watan Disamba

Mamaw ɗina, tsohuwata,

Gaisuwa da kewa mai yawa. Yaya gwiwa, yaya yatsu? Yatsun nake tambaya musamman, don na san abin da suka sha.

Ƙunshinki ya iso. Da na ga girmansa na ce shi ke nan, ta tattaro hotunana na yarinta ta koro ni. Na buɗe sai ga jan ulu curi-curi, da kwarashinki na ƙarfe, wanda ko taɓa shi ba kya bari a yi. Na karanta wa Obaachan 'yar takardarki ta waya: "Har yanzu ina kan bakana, kin yi rashin kunya. Amma na ga hoton. Wannan ba hula ba ce, ragar kama kifi ce. In za a kori 'yar Tolliver, a kore ta da saƙa mai kyau. Ki warware ki sake." Ta yi dariya har ta zauna a kan bokiti. Ta ce in gaya miki gaskiyarki, ita kunya ce ta hana ta faɗa.

To na ji, ina warwarewa ɗaya bayan ɗaya, amma sai na gama sabuwa nake cire tsohuwa, ba na barin kan kowa a buɗe. Har yau ba wadda ta taɓa su. Zaman Janairu yana nan, zan je da safar hannuna da bajona in zauna a layin gaba. Su yanke abin da za su yanke.

A can ƙasan kwalin na ga wata hula, wadda kika naɗe cikin hankicinki. 'Yar mitsitsiya, saƙar nan taki mai ƙarfi da ko iska ba ta ratsawa. Ke da likita ya hana ki riƙe kwarashi tun bara. Kuma na ga abin da kika rubuta a bayan takardar, ƙanana-ƙanana kamar ba kya so a gani: "Yaya sunanta?"

Ba wanda ya taɓa tambayata, Mamaw. Tun watan Yuni, ke ce ta farko.

Na hau kujera na sauko da ita daga saman kabad. Hular ta zauna a kan murfin daidai kamar kin gwada. Yanzu tana kan tebur a falo kusa da taga, inda ake hango jirage, don ta ga shigowar babanta. Fara ce da ja a kai, duk mai son ya ga tuta ya zo ya gani. Ranar da ba taro, a jikin hularta nake maƙala bajon, tunda Ƙungiyar ta 'ya'ya mata ce, ita ma kuma 'ya ce.

In kin je taron reshenku, ki miƙe ki faɗa musu yadda kika koya mini. Ta goma ce a layi. Sunanta Opal.

Ki gaida Kawu Dell da kaji da karen nan. Ki fito da wayar daga durowar cokula ranar Kirsimeti, ina so ki gan ta.

Taki har abada,
Lacey, maman Opal